Kiichiro Toyoda: Ya kafa Toyota, ya sauka ana dab da samun sauƙi

Da wuya mutum ya tsaya a bakin babbar hanya a Kano ko Maradi ko Kumasi na tsawon minti biyar bai ga sunan Toyota ya gifta ba, ko a bayan a-kori-kura, ko a goshin bas ɗin haya, ko a jikin motar asibiti. Amma kaɗan ne daga cikin masu hawa da masu tuƙi suka san mutumin da ya kafa kamfanin, waɗanda suka ji sunansa kuma sukan ɗauka cewa cikin daula ya ƙare rayuwarsa. Kiichiro Toyoda ya sauka daga shugabancin kamfaninsa ne a watan Yunin 1950, a lokacin da bashi ya yi wa kamfanin katutu, ma'aikata na yajin aiki, bankuna kuma na gindaya sharuɗɗa. Kwana ashirin bayan ya sanar da murabus ɗinsa kasuwa ta buɗe. Bai cika shekara biyu da sauka ba ya rasu, Toyota tana ƙaramin kamfanin manyan motoci wanda ba a san shi sosai a wajen Japan ba.

Ɗan gidan masaƙa

An haife shi ranar 11 ga Yunin 1894 a wani ƙauye da yanzu yake cikin birnin Kosai, a lardin Shizuoka na ƙasar Japan. Mahaifinsa, Sakichi Toyoda, ɗan kafinta ne wanda bai yi dogon karatu ba, amma tunanin ƙirƙira ya mamaye zuciyarsa tun yana saurayi, musamman yadda za a sauƙaƙa wa matan ƙauye wahalar saƙar hannu. Wannan shauƙi ya ci gidansa. Sakichi kan yi watanni ba ya gari, hannunsa kuma ba ya riƙe kuɗi, har mahaifiyar Kiichiro ta gaji ta bar gidan yaron yana jariri. Kakanninsa ne suka raine shi na 'yan shekarun farko, kafin mahaifin ya sake aure ya ɗauko shi zuwa Nagoya, inda ya tashi cikin ƙarar injunan saƙa da ƙurar auduga.

Yaro ne mai shiru-shiru, mara yawan lafiya, wanda ya fi sakewa da zane a takarda fiye da hira da mutane. Ya yi karatu har Jami'ar Masarautar Tokyo, inda ya kammala fannin injiniyan ƙere-ƙere a 1920. Mahaifinsa ya so ya kama harkar kaɗi da cinikin zare, domin a nan kuɗi yake, ya bar ƙirƙira wadda shi ya san irin talaucin da take jawowa. Ɗan bai ji ba. A 1921 ya tafi rangadin masana'antu a Amurka da Turai, a farkon 1922 kuma ya yi ɗan zaman koyon aiki a kamfanin Platt Brothers da ke garin Oldham a Ingila, wanda a lokacin babu kamarsa a duniya wajen ƙera injunan kaɗi da saƙa.

Da ya dawo gida sai uba da ɗa suka duƙufa kan injin da Sakichi ya daɗe yana mafarki. An kammala shi a 1924, aka sa masa suna samfurin G. Abubuwa biyu suka bambanta shi. Idan zare ya ƙare a ƙoshiya, injin yakan sauya ta da wata cikakkiya ba tare da ya tsaya ba, kuma a sunan Kiichiro aka yi rajistar wannan dabara. Idan kuwa zare guda ya tsinke, injin yakan tsaya da kansa nan take, don kada ya ci gaba da saƙa yadi mai aibi. Saboda haka ma'aikaciya ɗaya tana iya kula da injuna masu yawa, maimakon ta tsare guda ɗaya da ido. Wannan tunani, na cewa inji ya tsaya da zarar an samu matsala, shi ne daga baya ya zama ɗaya daga cikin ginshiƙai biyu na tsarin aikin Toyota. A 1926 aka kafa kamfanin ƙera injunan a garin Kariya, Kiichiro yana kula da ɓangaren ƙira, shugabancin kuma yana hannun Risaburo, mijin ƙanwarsa Aiko, wanda ya shigo gidan ya ɗauki sunan Toyoda bisa al'adar Japanawa, kuma ya girme shi da shekara goma.

A ƙarshen 1929 Kiichiro ya koma Ingila, wannan karon a matsayin mai sayarwa. Platt Brothers, inda ya taɓa zama ɗan koyo, ya amince ya sayi haƙƙin ƙera injin G a kan fam dubu 100. Abin alfahari ne ga ƙasar da ta saba sayen fasaha daga Turawa. Sai dai abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne halin da ya tarar da Oldham. Garin da ya bari yana bunƙasa shekara takwas da suka wuce ya cika da marasa aikin yi, kasuwar auduga ta Ingila tana durƙushewa. Ya fahimci cewa abin da ya sami Oldham yana iya samun Kariya. A wannan tafiya ya kuma ratsa Amurka, ya ga yadda mota ta zama abin hawan talaka.

Labarin da ya fi yaɗuwa shi ne cewa Sakichi, kafin rasuwarsa a Oktoban 1930, ya miƙa wa ɗansa kuɗin Platt ya ce ya yi mota da su. Labari ne mai daɗi, amma masu binciken tarihin kamfanin, irin su Kazuo Wada, sun nuna shakku a kansa. Abin da ya tabbata shi ne ribar injunan saƙa da ƙarin jarin da kamfanin Kariya ya riƙa yi ne suka ɗauki nauyin aikin. Ma'ana, dukiyar dangi da ta masu hannun jari Kiichiro ya jefa cikin kasada, kuma ba kowa a gidan ne ya yi na'am ba. Risaburo, wanda shi ke riƙe da lissafi, ya daɗe yana ɗari-ɗari.

Yana da hujja. Bayan girgizar ƙasar da ta rusa Tokyo da Yokohama a 1923 ta lalata layukan dogo, buƙatar mota ta ƙaru, Amurkawa kuma suka riga kowa. Ford ya buɗe wurin harhaɗa motoci a Yokohama a 1925, General Motors ya bi sahu a Osaka a 1927, suka mamaye kasuwar kusan baki ɗaya. Manyan gidajen jari na Japan irin su Mitsui, waɗanda suka ninka gidan Toyoda arziki, sun duba harkar sun ja da baya.

Mota daga kusurwar masana'anta

Kiichiro ya fara a ɓoye-ɓoye, da ƙaramin injin fetur da ya riƙa gwadawa a wata kusurwa ta masana'antar Kariya tun 1930. A Satumban 1933 aka kafa sashen motoci a hukumance. Aka sayo sabuwar Chevrolet, aka warware ta ɗaya bayan ɗaya har ƙusar ƙarshe, aka auna kowane ɓangare, aka zana shi. Bai ɓoye cewa kwaikwayo yake yi ba, kuma da dalili: idan injinsa ya yi daidai da na Chevrolet, direban da motarsa ta lalace a ƙauye zai samu kayan gyara a shagon da ya saba zuwa.

Zubin ƙarfe ne ya fi ba su wahala. Maƙeran Kariya gwanaye ne wajen zuba sassan injin saƙa, amma gangar jikin injin mota tana da ramuka da hanyoyin ruwa a ciki, kuma bangonta siriri ne. Suka yi ta zubawa yana fitowa da huji ko tsaga, ana jefarwa, wata bayan wata. Da aka samu injin farko ya tashi a Satumban 1934, ƙarfinsa bai kai doki 50 ba, alhali na Chevrolet yana ba da 60. Sai da aka sake fasalin kan injin kafin ya kai 65. Ƙarfen da ake samu a kasuwa ma bai dace da mota ba, don haka Kiichiro ya gina wurin narka ƙarfe na kansa, wanda daga baya ya zama kamfani mai zaman kansa.

A Mayun 1935 aka kammala motar gwaji ta farko, A1. Burinsa motar shiga ce, ta iyali, amma gwamnati da sojoji manyan motoci suke so, kuma can ne ciniki yake. Cikin gaggawa aka fitar da babbar mota samfurin G1 a watan Agusta, aka fara sayar da ita kafin ƙarshen shekara. Gaskiya ita ce ba ta nuna ba aka sauke ta. Sandar ƙafafun baya takan karye, giya takan ƙi shiga, motoci suna mutuwa a tsakiyar hanya da kaya a bayansu. Injiniyoyin kamfanin suka zama kamar 'yan kwana-kwana, dare da rana suna bin motocin da suka lalace, Kiichiro da kansa yakan je ya shiga ƙarƙashin mota ya ga abin da ya karye, ya ba mai ita haƙuri. Duk abin da aka gano a hanya sai a koma masana'anta a gyara shi a kan motocin da ke tafe. Abin da ya hana masu saye gudu shi ne mutumin da ya ɗauko daga General Motors a wannan shekara, Shotaro Kamiya, wanda ya yarda da albashin da bai kai wanda ya bari ba, ya shiga kafa wa kamfanin dillalai lardi-lardi.

A Mayun 1936 gwamnatin Japan ta kafa dokar da ta wajabta lasisi ga duk mai ƙera motoci da yawa, ta kuma tanadi cewa rinjayen hannun jari ya kasance na 'yan ƙasa. Kamfanin Toyoda da Nissan ne suka fara samun lasisin. Ba za a yi wa tarihi adalci ba idan aka ce hazaƙa kaɗai ta ɗaga Kiichiro. Dokar ta ɗaure hannun Ford da General Motors, har suka dakatar da aiki a ƙasar a 1939, kuma gwamnatin da ke shirin yaƙi ce ta yi ta domin biyan buƙatar sojojinta. A ƙarƙashin wannan inuwa ce jaririn kamfanin ya samu ya yi ƙwari.

A shekarar ce kuma aka fitar da motar shiga samfurin AA, mai siffar da aka aro daga Airflow ta kamfanin Chrysler, aka kuma sauya suna. An yi gasar zana tambari wadda ta samu shigarwa kusan dubu 27, daga nan Toyoda ta koma Toyota. Sunan gidan yana nufin gonar shinkafa mai albarka, abin da bai dace da mota ba. Sabon sunan ya fi daɗin faɗa, ana rubuta shi da zane takwas a rubutun Japanawa, takwas kuwa lambar sa'a ce a wurinsu, sannan ya ɗan raba kamfanin da sunan iyali. Ranar 28 ga Agustan 1937 aka yi rajistar kamfanin motoci na Toyota da jarin yen miliyan 12. Risaburo ne shugaba, Kiichiro mataimaki.

Koromo da tsarin a-kan-kari

Ya riga ya sayi fili kusan murabba'in mita miliyan biyu a Koromo, wani gari mai sana'ar siliki da kasuwarsa ta mutu. Nan ya gina masana'antar da aka tsara ta fitar da motoci dubu biyu a wata, aka buɗe ta a Nuwamban 1938. A nan ne ya shigo da tunanin da ya fi kowace mota da ya ƙera tasiri.

Masana'antun Amurka suna ƙera sassa da ɗimbin yawa su tara a rumbuna, domin suna da kuɗi, suna da ƙarfe, suna da kasuwa mai haɗiye duk abin da aka fitar. Kiichiro ba shi da ko ɗaya. Duk ƙarfen da ke kwance a sito, a wurinsa, kuɗi ne da aka binne, kuma bashi ne da ake biyan ruwa a kansa. Saboda haka ya tsara cewa kowane sashe ya ƙera abin da ake buƙata a ranar kawai, gwargwadon da ake buƙata, ya isa ga sashe na gaba a kan kari, kada ya makara, kada kuma ya riga lokaci. Ya kan kwatanta abin da shiga jirgin ƙasa, inda makarar daƙiƙa ɗaya da ta awa ɗaya duk rasa jirgi ne. Ya rubuta kundi mai kauri yana bayyana yadda aiki zai gudana daga wannan inji zuwa wancan, ya ba ɗan baffansa Eiji Toyoda, matashin injiniyan da ya shigo kamfanin a 1936, ya koyar da ma'aikata. Har ya yi umarni cewa wanda ya kammala adadin ranar yana iya tafiya gida.

Tsarin yana da wata fa'ida da ba a gani da farko. Inda babu tarin kaya a ajiye, aibi ba shi da wurin ɓuya. Idan sashe ɗaya ya fitar da abu mara kyau, na gaba zai tsaya nan take, kowa ya san inda matsalar take. Darasin injin saƙa ne ya dawo da sabuwar riga.

Yaƙi bai bar shi ya gwada tsarin yadda ya so ba. Tun 1937 Japan ta afka wa China, kayan aiki suka koma rabon gwamnati, wanda ke jiran rabo kuwa ba ya zaɓar ranar da kaya za su zo. Kiichiro ya zama shugaban kamfanin a 1941, shekarar da yaƙi da Amurka ya ɓarke, Toyota kuma ta zama mai yi wa rundunar sojan ƙasar manyan motoci. Da ƙarfe ya yi ƙaranci, aka koma fitar da motoci masu fitila ɗaya da jikin katako. Motar AA, wadda ita ce burinsa, guda 1,404 kacal aka ƙera kafin a daina. Ranar 14 ga Agustan 1945 bam ya rusa wani ɓangare na masana'antar Koromo. Kashegari Sarkin Japan ya sanar da miƙa wuya.

Ba wanda ya san ko sojojin mamaya na Amurka za su bar Japan ta ci gaba da ƙera motoci, ga dubban ma'aikata da iyalansu suna jiran abinci. Kiichiro ya shiga laluben kowace irin sana'a da za ta riƙe su: kwanukan tangaran, keken ɗinki, kiwon kifi, gidajen kankare na harhaɗawa. Babban ɗansa Shoichiro har tsibirin Hokkaido aka tura shi aikin sarrafa kifi. Amma ko a wannan hali ya shaida wa injiniyoyinsa cewa wajibi ne su kamo Amurka cikin shekara uku, in ba haka ba masana'antar motoci ta Japan ba za ta rayu ba. Cikin waɗanda maganar ta shiga kunnensu akwai Taiichi Ohno, wanda ya baro masaƙar gidan Toyoda ya dawo ɓangaren motoci a 1943. An ba da izinin ƙera manyan motoci tun a Satumban 1945. A 1947 Kiichiro ya fitar da ƙaramar mota samfurin SA da aka yi wa laƙabi da Toyopet, mai fasaha ta zamani, amma a ƙasar da mutane ke neman shinkafar da za su ci, guda 215 aka iya ƙerawa.

Alƙawarin da ya ci kujerarsa

A farkon 1949 Amurka ta turo wani ma'aikacin banki, Joseph Dodge, domin ya shawo kan hauhawar farashi a Japan. Daga Detroit ya fito, cibiyar motocin Amurka. Ya tsuke bakin aljihun gwamnati, ya dakatar da rancen farfaɗo da masana'antu, aka tsayar da canji a kan yen 360 kowace dala. Farashi ya lafa, amma kasuwa ta daskare. Waɗanda suka ɗauki motocin Toyota bisa biya kashi-kashi suka kasa biya, farashin ƙarfe ya tashi, motoci suka taru ba mai saye. Nissan da Isuzu suka sallami ma'aikata fiye da dubu kowannensu.

Kiichiro ya ƙi. Ya ga yadda rage ma'aikata ya jijjiga kamfanonin mahaifinsa a lokacin karayar tattalin arziki ta 1930, ya kuma ɗauki riƙe ma'aikaci a matsayin nauyin da ke wuyan mai kamfani. A Disambar 1949 aka sa hannu kan yarjejeniya da ƙungiyar ƙwadago: ma'aikata sun yarda a zabtare kashi goma cikin ɗari na albashinsu, kamfani kuma ya yi alƙawarin ba zai sallami kowa ba.

A daidai wannan lokaci kamfanin yana gab da kasa biyan basussukan ƙarshen shekara. Reshen Babban Bankin Japan da ke Nagoya ne ya shiga tsakani, bisa fargabar cewa faɗuwar Toyota za ta ja ɗaruruwan ƙananan masana'antun yankin da ke yi mata sassa. Ya tattara bankuna 24 suka ba da rancen yen miliyan 188 da 'yan kai. Rancen ya zo da sharaɗi: a raba ɓangaren sayarwa ya zama kamfani dabam, wanda shi zai faɗi adadin motocin da kasuwa za ta ɗauka, kuma a rage yawan ma'aikata. A Afrilun 1950 aka kafa kamfanin sayarwar a ƙarƙashin Kamiya. A cikin watan hukumar gudanarwa ta nemi mutum 1,600 su ajiye aiki da kansu, daga cikin ma'aikata kimanin dubu takwas, tare da rufe masana'antu biyu a yankin Tokyo.

Ma'aikata suka ga an ci amanarsu, kuma da gaskiyarsu, tawadar yarjejeniyar ko bushewa ba ta yi ba. Aka shiga yajin aiki da jan ƙafa na kusan wata biyu. A watan Mayu motoci ɗari uku da 'yan kai aka iya fitarwa. Kiichiro, wanda hawan jini ya riga ya kwantar da shi, ya tsinci kansa tsakanin alƙawarin da ya ɗauka da bankunan da ke riƙe da numfashin kamfanin. Babu hanyar da zai cika duka biyun. Ranar 5 ga Yuni ya sanar da cewa zai sauka, tare da mataimakinsa Kazuo Kumabe da wani babban darakta. Wanda ya nemi wasu su tafi ya fara tafiya. Wannan ne ya karya taurin rikicin, aka sasanta ranar 10 ga wata, a ƙarshe mutum 2,146 suka bar aiki, fiye da adadin da aka nema.

Ana iya cewa jinkirinsa ya ƙara tsananta ciwon, domin da ya rage ma'aikata tun a 1949 kamar takwarorinsa, wataƙila da bai rasa kujerarsa ba. Injiniya ne ya fi zama, ba ɗan kasuwa ba, kuma lissafin kuɗi bai taɓa zama fagensa ba. Amma kamfanin da ya bari ya ɗauki abin da ya faru a matsayin miki. Magajinsa Taizo Ishida, wanda aka ɗauko daga kamfanin injunan saƙa, ya sha alwashin ba zai sake barin Toyota ta durƙusa a gaban banki ba, ya mayar da tara kuɗin kai al'adar gidan. A 1962 kuma kamfanin da ƙungiyar ma'aikatansa suka rattaba hannu kan sanarwar amincewa da juna wadda har yau ake komawa gare ta.

Ranar 25 ga Yunin 1950 yaƙi ya ɓarke a Koriya. Rundunar Amurka tana buƙatar manyan motoci cikin gaggawa, Japan ce kuma mafi kusa. A ƙarshen Yuli Toyota ta samu odar motoci dubu ɗaya, wasu suka biyo baya har jimilla ta kai 4,679. Kamfanin da ya kusa rufewa a watan Mayu ya koma aikin dare da rana da ragowar ma'aikatansa.

Kiichiro yana Tokyo a lokacin, a gidansa, da 'yan injiniyoyi ƙalilan, yana zana ƙaramar motar talaka, yana kuma nazarin jirgi mai saukar ungulu. Da al'amura suka daidaita, Ishida ya je ya roƙe shi ya dawo kan kujerarsa, aka tsayar da watan Yulin 1952. Ranar 27 ga Maris na shekarar ya rasu sakamakon zubar jini a ƙwaƙwalwa, yana da shekara 57. Risaburo ya bi shi bayan wata biyu da 'yan kwanaki.

Abin da ya biyo baya

Motar da ya yi ta nema ta fito a Janairun 1955 da sunan Crown, Japanawa suka ƙera ta da kansu ba tare da haɗin gwiwa da wani kamfanin waje ba, a lokacin da Nissan ke harhaɗa Austin ta Ingila, Hino kuma Renault ta Faransa. Ohno, da goyon bayan Eiji, ya ɗauko tsarin a-kan-kari ya haɗa shi da dabarar tsayar da inji, ya ƙara da ɗan katin da ake kira kanban, wanda sashe na gaba ke aika wa na baya yana faɗin abin da ya ɗauka domin a maye gurbinsa. A 1959 garin Koromo ya sauya suna ya koma Toyota.

Fita waje ba ta zo da sauƙi ba. Crown ɗin da aka kai Amurka a 1957 ta kasa jure gudun manyan hanyoyin can, injinta yana zafi, aka janye ta. Land Cruiser ce ta buɗe wa kamfanin ƙofa a ƙasashen da hanya ba ta da kyau, kuma ita aka fara ƙerawa a Brazil, inda Toyota ta kafa reshe a 1958. Corolla ta zo a 1966, Hiace a 1967, Hilux a 1968. A Afirka ƙarkon waɗannan motoci ya kai su wuraren da mai kafa kamfanin bai zata ba: matakin ƙarshe na yaƙin Chadi da Libiya a 1987 har yau da sunan Toyota ake kiran sa, saboda a-kori-kurar da dakarun Chadi suka ratsa hamada da su. Kamfanin yana da babbar masana'anta a Durban ta Afirka ta Kudu, a 2021 kuma aka buɗe wurin harhaɗa Hilux a Tema ta Ghana.

A 1984 General Motors, mai Chevrolet ɗin da aka warware a Kariya, ya haɗa gwiwa da Toyota suka buɗe masana'anta a Fremont ta jihar Kalifoniya, domin ya koyi yadda Japanawan ke aiki. Shoichiro, wanda aka taɓa turawa sarrafa kifi, shi ne shugaban Toyota a lokacin. A 1988 kamfanin ya fara fitar da motoci daga masana'antarsa ta Kentucky, a 1992 daga Burnaston a Ingila, shekara goma bayan an rufe masana'antar Platt a Oldham. A 2008 Toyota ta zarce General Motors a yawan ciniki a duniya, shekara guda kafin jikan Kiichiro, Akio Toyoda, ya karɓi shugabanci. A 2023 jimillar motocin da kamfanin ya ƙera tun daga G1 ta kai miliyan 300, ana kuma sayar da su a ƙasashe da yankuna fiye da 170.

Kamfanin da aka kafa a Kariya a 1926 yana nan, yanzu da sunan Toyota Industries. Ya fi shahara da motocin ɗaga kaya a sito da sassan injin mota, amma har yau bai daina ƙera injunan saƙa ba.